Ɗan Koyo a Bakin Kogin Amerikan

Asabar

Ƙanena ne ya kawo shawarar, da ya lura zaman gida ya fara gundurata. Tunda na sauka Sakaramento ba ni da aiki sai raka yara makaranta da sauya tashar talabijin. Ya ce, "Yaya, akwai abin da mutanen nan ke yi ranar hutu, yadda wasu ke zuwa kamun kifi. Wankin zinare suke yi a kogi." Na ce masa wanda ya tashi a Zamfara ba ya haɗa zinare da hutu. Ya ce ai shi ya sa ya kamata in je in gani, shi ma ya ɗauki hutun mako.

Muka nufi Placerville, wani gari a gindin duwatsun Siyera Nebada, tafiyar da ba ta kai awa guda ba gabas da Sakaramento. A babban titin garin akwai kantin kayan ƙarfe da ke buɗe tun 1852, har yau kuma yana sayar da tasar wankin zinare. Na zaci ta ƙarfe za a miƙo mini, irin wadda ake gani a tsofaffin hotuna. Mai kantin ya ce ɗan koyo ya fara da ta roba. Ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, an yi ta koriya don zinare ya fito fili a kanta, sannan a gefe ɗaya daga ciki akwai layukan tudu masu tare duk abin da ke da nauyi. Faɗin bakinta inci 14. Na haɗa da rariya mai ido rabin inci, da 'yar gorar roba mai bututu ta zuƙo ƙwayar zinare, da 'yar kwalbar ajiya, da mayen ƙarfe. Kuɗinsu duka bai kai na cika tankin motar ƙanena ba.

Na tsaya gaban na'urorin gano ƙarfe, irin waɗanda samarin Agadas suka riƙa kwasa zuwa Djado a 2014. Mai kantin ya ce in bar su tukuna, inda za mu ma doka ba ta yarda da su ba. Abin da ya jaddada mini shi ne in wanke tasar da sabulun wanke-wanke kafin ta taɓa kogi, don sabuwar roba tana da maiƙo, maiƙo kuwa shi ke sa siririn zinare ya taso saman ruwa ya bi shi.

Lahadi

Yau a farfajiyar gida na yini. Na cika baho da ruwa, na ɗebo yashi da tsakuwa, na watsa ƙananan ƙwayoyin dalma a ciki, irin waɗanda masunta ke maƙala wa igiyar fatsa. Sana'ar nan duk a kan nauyi take. Zinare ya ninka ruwa mai girmansa sau 19 da ɗoriya, dalma sau 11, yashin kogi kuwa bai kai sau uku ba. Wanda ya iya riƙe dalma a tasa har ƙarshen wanki, zinare ba zai kuɓuce masa ba.

Ana nutsar da tasar ne cikin ruwa, a murje ƙasar da hannu har laka ta narke, a tsince manyan duwatsu. Sai a girgiza ta dama da hagu da ƙarfi, har komai ya saki ya yi ruwa-ruwa, don mai nauyi ya sami hanyar gangarawa ƙasa. Daga nan a karkata bakin tasar, a bar ruwa ya riƙa share na sama kaɗan-kaɗan. A daidaita, a sake girgizawa, a sake karkatawa. Girgizar ita ce aikin. Idan an gaggauta sharewa ba a girgiza ba, abin da ake nema yana nan a tsakiyar yashi, kuma tare da yashin zai fita.

Ina cikin fama sai matar ƙanena ta leƙo ta taga. "Yaya, ai rege kake yi." Ta fito ta karɓi tasar, kafin in gama bayani ta tara dalmar duka a lungu guda. Gaskiyarta. Duk macen da ta taɓa rege shinkafa 'yar gida da ƙwarya ta riga ta san aikin, sai dai ita abin da ya kwanta a ƙasa take zubarwa, mu kuma shi muke nema. Na zauna ina kallon wuyan hannunta, nan na koyi abin da bidiyon intanet bai koya mini ba.

Da na gama na ƙirga dalmar na mayar cikin kwalba, na wanke hannu, na hana yara kusantarta. Wannan kam ba sai an koya mini ba.

Litinin

Coloma. Ƙauye ne ƙarami a kan Hanya ta 49, a bakin reshen kudu na Kogin Amerikan, yanzu kuma mafi yawansa wurin tarihi ne a hannun gwamnatin jiha. A nan ne ranar 24 ga Janairu 1848 wani kafinta, James Marshall, yana duba magudanar injin yankan katako da yake gina wa John Sutter, ya hangi wani abu na ƙyalli a ƙarƙashin ruwa. Kwana tara bayan haka Meziko ta sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa Kalifoniya ga Amurka, ba ta san abin da ta bayar ba. Kafin 1855 mutane wajen 300,000 sun kwararo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka ci da waɗanda aka ci da su. Sam Brannan a kanti ya yi arziki: ya tara shebur da tasa, sannan ya bi titunan San Faransisko yana ɗaga kwalbar zinare yana shela. Marshall kuwa a talauce ya mutu a 1885. Bayan ransa aka kafa masa mutum-mutumi a kan tudu bisa kabarinsa, yana nuna wurin da yatsa. Ƙasar ta mutanen Nisenan ce tun kaka da kakanni. 'Yan asalin Kalifoniya sun kai wajen 150,000 kafin zuwan masu neman zinare, cikin shekara ashirin da 'yan kai suka koma wajen 30,000, saboda cuta da yunwa da kisa da gangan. Sai a 2019 Gwamna Gavin Newsom ya nemi gafara a madadin jihar. Akwai kuma kantunan dutse biyu na 'yan ƙasar Sin da suka rage a tsaye. A 1850 jihar ta ɗora wa baƙi masu haƙa harajin dala 20 a wata, a lokacin da ita kanta jihar jaririya ce.

Da rana muka shiga darasin 'yan koyo. An jera kwamin katako cike da ruwa da yashi, mu manya muna gwamutse da 'yan makaranta. Kowa ya samu, don ma'aikatan wurin ne suka zuba zinaren da hannunsu. Duk da na san haka, gabana ya faɗi da na ga nawa. Darasin ya yi amfani ta wannan fuska: ido ya ga zinare na gaskiya a cikin tasa, ya san abin da zai nema gobe.

Ma'aikaciyar ta faɗi ƙa'ida. Ana wanki a ƙetaren gada kawai. Hannu da tasa, shi ke nan. Ba shebur, ba diga, ba cokali, ba a kuma farke gaɓar kogi.

Talata

Na koma ni da tasata, ƙanena ya zauna a inuwa da littafinsa. Rana tana dukan ƙeya kamar a gida, amma ruwan narkakkiyar ƙanƙara ce daga kan duwatsu, yatsu sai su sandare.

Na zaɓi wani shimfiɗaɗɗen yashi mai laushi, ko'ina yana walƙiya. Tasar farko ta cika da ƙyalli, har na ɗaga hannu zan kira ƙanena. Da na juya ruwa sai ƙyallin ya tashi yana rawa, ya bi ruwan. Maika ce, wani ɓawon dutse marar nauyi da ya cika kogunan nan. In ka sa mata inuwar hannu sai ta mutu, in ka danna ta da farce sai ta rugurguje. Akwai kuma fairait, wanda suke ce wa zinaren wawa. Shi yana da ɗan nauyi, amma launinsa na tagulla ne, yana da kusurwoyi, in an buga shi fashewa yake yi. Zinare ba ya fashewa, lanƙwashewa yake.

Da hantsi ya yi nisa na ga dutsen da na ajiye takalmina a kai ya fara nutsewa. Akwai madatsar ruwa a sama, a Chili Bar, ana sakin ruwa daga can saboda wutar lantarki da masu yawon kwalekwalen roba. Kogin kan hau a hankali ba tare da sallama ba. Na kwashe kayana na hau tudu, 'yan kwalekwale suka fara wucewa suna ihu suna ɗaga mini hannu.

Yau ban ga ko ƙwaya ba.

Laraba

Mun sauya wuri, muka gangara reshen arewa na kogin, kusa da Auburn. A can na tarar da wani dattijo Bature, fatarsa duk ta ƙone da rana, yana tsugune nesa da ruwa, a kan wani falalen dutse busasshe, yana ƙwaƙular tsaga da yatsa. Na yi masa sallama irin tasu. Ya dubi tasata sabuwa ful, ya tambaye ni inda nake ɗiba. Da na nuna masa yashin bakin ruwa sai ya yi murmushi.

Ya ce kogin da nake kallo ba shi ne ke ɗaukar zinare ba. Wannan ruwan bazara ne, ko yashi da ƙyar yake turawa. Zinare ba ya motsi sai ranar ambaliya, lokacin hunturu, sa'ad da ruwa ke mirgina duwatsu masu girman mota. Ya nuna mini busasshiyar ciyawa da itace da suka maƙale a reshen bishiya sama da kaina. Nan ruwa ya kai. Ya ce in tsaya in ƙaddara kogin a cike har can, in tambayi kaina ina ƙarfinsa zai karye. Cikin kwana, inda ruwa ke rage gudu. Bayan babban dutse, inda yake juyi ya lafa. Tsagar falalen dutse, musamman wadda ta gitta hanyar ruwa. Gansakukar da ke jikin dutse da saiwar ciyawa, su ma suna kama siririn. Zinare yana ta nutsewa cikin tsakuwa shekara da shekaru, har sai ya iske dutsen da ba zai iya wucewa ba, ko laka mai tauri. Yashi mai laushi kuwa shaida ce cewa wurin marasa nauyi ne ke sauka.

Asalinsa daga jijiyoyin farin dutse ne da suka ratsa gindin duwatsun nan, tsawon kilomita wajen 190 daga Mariposa zuwa Georgetown. Ruwa ya daɗe yana cinye dutsen yana barin zinaren. Mutanen 1849 sun kwashe mai gwaɓi, amma kowace babbar ambaliya tana sake damawa. Dattijon ya ce bayan ruwan hunturun 2022 zuwa 2023 tsagogin da ya share tuntuni sun sake cika.

Na tsuguna kusa da shi, na riƙa ƙwaƙulo abin da ke cikin wata tsaga: jar laka, tsakuwa a matse, da wata tsatsattsar ƙusa. Ya ce ƙusa alheri ce, inda ƙarfe ya tsaya nan mai nauyi ke tsayawa. Na daɗe kafin in tara rabin tasa. Na kai bakin ruwa na wanke a hankali, har ya rage baƙin yashi cikin cokali biyu, da wasu 'yan jajayen duwatsu da ake kira ganet. Baƙin yashin nan tama ce, nauyinta ya kai ninki biyar na ruwa, shi ya sa take rakiyar zinare har ƙarshe. Ya nuna mini yadda ake barin ruwa kaɗan, a ɗan bubbuga gefen tasa, a juya ruwan a hankali ya janye baƙin.

Suna nan a lungun tasar. Ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, rawaya mai kauri, ruwa yana wucewa a kansu ba su ko motsa ba. Na kare su da inuwar hannu, launin bai sauya ba. Na kira ƙanena da ƙarfin da ya sa wani kare ya yi haushi a ƙetare.

Shawarar dattijon ta ƙarshe ita ce kada in auri rami ɗaya. In wanke tasa guda, in duba yawan ƙwayoyin, in matsa gaba in gwada, sai inda suka fi yawa in zauna. Ya kuma gargaɗe ni da abu biyu: kada in sa hannu ƙarƙashin dutsen da ban leƙa ba, saboda macijin nan mai ƙararrawa a wutsiya, kuma in kiyayi wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje.

Alhamis

Baya da gwiwa sun ƙi. Na kwanta, aka shafa mini man zafi. Da yamma na shanya baƙin yashin jiya a faranti, na sa mayen ƙarfe cikin leda na janye tamar. Sai ya bushe ake yin haka, in da danshi yakan dunƙule ya tafi da zinaren.

Juma'a

Bayan masallaci muka zauna da taswira a kwamfuta, don ina son wurin da za a bar ni in yi amfani da ɗan shebur. Ashe nan ne ɗan koyo ya fi shiga uku. Ganin daji ba kowa ba ya nufin ba mai shi. Tun dokar haƙar ma'adinai ta 1872 ɗan ƙasa yana iya yin rajistar fili a ƙasar gwamnatin tarayya, eka 20 ga mutum ɗaya, ma'adinin da ke ciki ya zama nasa. Kana iya ratsawa ta wurin, amma in ka wanke tasa ɗaya ka yi sata. Gaɓar kogunan nan masu kyau kusan duk an kama su. Hukumar kula da filayen tarayya tana da rajistar a intanet, ana kuma kafa alamu a jikin bishiya. Shi ya sa da yawa ke shiga ƙungiyoyin masu sha'awar abin, waɗanda ke da filayensu, su biya kuɗin shekara. Injin zuƙo yashi daga ƙasan kogi kuwa Kalifoniya ta dakatar da shi tun 2009.

Da dare uwargida ta kira daga Gusau. Labari ya riga ya isa. "Malam, an ce ka tono zinare. Sarƙa nake so da 'yan kunne." Na ce ta bari in fara fitar da zakka. A Malikiyya ma'adinin zinare ba ya jiran shekara, ranar da aka fitar da shi ake ba da ɗaya bisa arba'in, in ya kai nisabi, miskali 20, wato wajen giram 85. Ta ce to nawa ya rage in kai? Na ce kusan giram 85.

Asabar

Mun yi tafiya mai nisa zuwa Malakoff Diggins, arewa da Nevada City, da 'yar ƙanena a bayan mota. Ban san yadda zan kwatanta wurin ba sai dai in ce an cire dutse guda daga mazauninsa. Rami ne mai tsawon wajen kilomita biyu, bangonsa fari da ja, tsirara har yau. Da zinaren bakin kogi ya ƙare, tasa ta daina ciyar da kowa, sai kamfanoni suka shigo. Daga 1853 aka fara jawo ruwa daga kan duwatsu ta bututu, ana harba shi da manyan bakunan ƙarfe a jikin tudu, tudun ya narke ya bi magudanai. Laka da tsakuwa fiye da kubik mita biliyan ɗaya suka gangara kwarin Sakaramento, suka binne gonaki, suka cike koguna. Garin Marysville ya sha ambaliya a 1875. Manoma suka kai ƙara, a Janairun 1884 alƙali Lorenzo Sawyer ya hana zubar da tarkacen a kogi, sana'ar ta durƙushe.

A magudanan nan zaiba ake zubawa don ta kama siririn zinare. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa wajen tan 4,500 na zaiba ya salwanta a kogunan jihar daga wankin zinare kawai. Tana nan har yanzu. Shi ya sa ake kafa allunan gargaɗi kan cin kifin wasu tafkuna, musamman ga masu ciki da yara.

A hanyar dawowa muka tsaya a Bridgeport, a reshen kudu na Kogin Yuba, inda wata gadar katako mai rufi take tun 1862. Nan ma hannu da tasa ne. Yarinyar ta fi ni ido. Tana leƙa tasata ta ce, "Baffa, wannan me ya sa shi fari?" Ƙwaya ce mai nauyin zinare, ba ta motsi, amma launinta toka-toka. Zaibar mutanen da ce ta lulluɓe ta. Na zuƙe ta na sa a kwalba dabam da ruwa a kai, na toshe. Wanda bai sani ba sai ya ce bari ya ƙona ta a cokali ta yi kyau, hayaƙin kuwa shi ne gubar.

Daga nan hira ta mutu a motar, ni da ƙanena kowa ya san inda tunanin ɗan'uwansa ya tafi. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: 'Yargalma, Dareta, Abare, daga baya Bagega. Yara fiye da 400. Ba wankin yashin kogi ne ya kashe su ba. Dutse ake fasowa daga rami, dutsen kuwa cike yake da dalma, a kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Iyayen yaran nan sun fi dattijon Auburn iya tasa nesa ba kusa ba. Abin da ya raba su da shi, shi yana da fansho, in bai samu ba ya koma gida ya ci abinci. Kuma dokar hannu da tasa da aka gindaya mana ranar Litinin, ba tausayin kogi ne ya haife ta farat ɗaya ba. Sai da aka narkar da duwatsu, aka zuba guba, aka yi shari'a, tukuna aka kai inda mutum zai zo da jikarsa ya yi wasa da yashi.

Litinin

Mun kai kwalbar wani kantin masu sayen zinare. Ma'aikacin ya shanya ƙwayoyin, ya zuba a ma'auni. Ba su kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Oza ɗaya giram 31.1 ce, ta haye dala 3,000 a watan Maris na 2025, a wancan farashin giram bai cika dala ɗari ba. Abin da na tara bai biya man zuwa Malakoff ba. Ya tambaya ko zan sayar, na ce a'a. Ya ce kusan duk 'yan koyo haka suke cewa.

Ƙanena ya sayi tasa tasa, ya ce zai koma tsagar nan ta Auburn bayan ruwan hunturu ya janye.

Da yamma wani abokina malamin makaranta ya turo saƙo ta WhatsApp, ya ga hotunan. Yana tambaya ko in na dawo za mu riƙa fita ranar Asabar mu gwada a rafukan wajen Maru, don motsa jiki. Na rubuta masa cewa a Najeriya duk ma'adinin da ke ƙasa na gwamnatin tarayya ne, dokar 2007 lasisi ta sani, kuma an hana haƙa a Zamfara gaba ɗaya daga Afrilun 2019 har Disamban 2024. Ya ce shi ba haƙa zai yi ba, wasa ne. Na ce to ya fara tunanin yadda zai bayyana wa masu bindigar da ke dajin cewa wasa ya kawo shi. Ya turo hoton dariya, ya ce in dai taho masa da tasar, ko a baho ya gwada.